Me ya sa kuɗin inshorar lafiyar dattijo ke canjawa daga jiha zuwa jiha a Amurka?

Hajiya Rabi, Aboabo:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san ƙasar Amurka. Yayana yana da shekara 62, direban tasi ne a Bronx ta birnin New York, kuma da kansa yake sayen inshorar lafiya tunda ba a ƙarƙashin kamfani yake ba. Ƙarfi ya fara ja baya, yana so ya ajiye tuƙi ya koma kusa da 'yarsa a Columbus ta jihar Ohio, amma da suka duba farashi sai suka tarar kuɗin da za a riƙa karɓa a hannunsa duk wata ya fi na New York, alhali haya da cefane sun fi sauƙi a can. Ta yaya mutum ɗaya, a ƙasa ɗaya, za a yi masa farashi biyu?

Alhaji Musa, Asawase:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na zauna a Worcester ta Amurka kafin in dawo gida Gana, kuma wannan lissafi ya sha ɗaure wa mutanenmu kai. Inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato Medicare, sai a shekara 65 take farawa, saboda haka duk wanda ya bar aiki kafin nan dole ya cike giɓin daga aljihunsa.

Dokar lafiya da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta hana kamfanoni ƙara wa mutum kuɗi don yana da ciwon suga ko hawan jini, amma ta bar musu damar duba shekarunsa, da inda yake zaune, da ko yana shan taba. A yawancin jihohi, har da Ohio, ana iya karɓa daga mai shekara 64 ninki uku na abin da ɗan shekara 21 ke biya. New York da Vermont kuwa sun hana bambanci saboda shekaru gaba ɗaya, saurayi da dattijo kuɗinsu ɗaya. Ke nan duk zamansa a Bronx matasa ne ke rage masa nauyi ba tare da ya sani ba, kuma ranar da ya canja jiha wannan rangwame ya ƙare.

Sai batun wuri, wanda a ganina ya fi komai tasiri. Yawancin jihohi an yanka su yankuna na farashi, shi ya sa shafin sayen inshora yake fara tambayar lambar unguwarka ta gidan waya kafin komai. Ka canja lambar, farashi ya canja a gaban idonka. Kamfanin inshora da asibitoci yake ciniki. Inda asibitoci suke da yawa suna gasa, yana iya taya su ƙasa, amma inda babban asibiti ɗaya ya haɗiye ƙananan da ke kewaye da shi, abin da ya yanka shi za a biya, kamar mai mota ɗaya tilo a tasha da dare. Shi ya sa jihohi masu faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a irin su Wyoming da Alaska suke cikin masu tsada.

Malam Sani, Nima:

Alhaji ya yi bayani, sai dai ina so a bambanta farashin da aka rubuta da abin da mutum ke fitarwa a zahiri. Gwamnatin tarayya tana ba da tallafi gwargwadon abin da mutum ke samu a shekara, kuma ana auna tallafin ne da farashin yankinsa, ta yadda wanda ke wuri mai tsada yakan sami kaso mafi girma. Idan yayanki ya daina tuƙi, samunsa zai ragu, kuma Ohio na cikin jihohin da suka faɗaɗa Medicaid, inshorar masu ƙaramin ƙarfi. Su sake duba shafin da kuɗin shigar da yake sa rai bayan ya ajiye mota, ba na bara ba.

Malama Zainab, Tafo:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina ganin ya kamata a tabo ɓangarenmu, domin da yawa daga dattawan nan gida suke nufin dawowa. Medicare ba ta biyan magani a wajen Amurka sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, don haka kada Baba ya ɗauka katinsa zai yi masa aiki a Kumasi.

A nan Gana, tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, da aka kafa a 2003 zamanin Kufuor ya yafe kuɗin shekara ga wanda ya kai 70, da kuma masu karɓar fansho na SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata. Amma ritaya a shekara 60 ake yi, kuma galibin mutanen zango 'yan kasuwa ne da direbobi da mahauta da ba su taɓa zuba wa SSNIT komai ba, saboda haka tsakanin 60 da 70 su ke biyan nasu. Kuɗin ba shi da yawa, kuma ana sabunta kati ta waya da *929#. Bambancin yanki a wajenmu ya fi fitowa ne a abin da katin ke iya samo maka: wanda ke Aboabo yana hawa mota ɗaya ya isa babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi, shi kuwa dattijon ƙauye a arewa sai ya haɗa kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya kafin ya ga ƙwararren likita, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da inshora ke biya.

Hajiya Rabi, Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Malam Sani, idan ya koma Ohio a tsakiyar shekara, sai ya jira lokacin rajista ke nan?

Malam Sani, Nima:

A'a, Hajiya. Ƙaura zuwa wata jiha tana buɗe masa damar yin rajista ta musamman har kwana 60, muddin yana da inshora kafin ya tashi. Ki gaya masa kada ya bar ta New York ta yanke kafin ranar tafiya, kuma ya adana takardar da ke nuna sabon adireshinsa, domin za a iya nemanta.