Ƙattan nan biyar na gaba: nawa ya kamata a kashe musu?

Mai kallon dare, Kano:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na kamu da ƙwallon Amurka, har ranar Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, nakan haɗa shayi in zauna, don a nan sai sha biyu da rabi na dare ake take wasa. Abin da bai shige min ba shi ne ƙattan nan biyar masu durƙusawa gaban kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, don su tsare shi. Ba sa cin maki, in ka cire na tsakiya mai miƙa ƙwallo ba mai taɓa ta, amma sai ka ji ana biyan mutum ɗaya sama da dala miliyan 20 a shekara. Ga shi kowace ƙungiya an yanka mata iyakar albashi, a 2024 dala miliyan 255.4 ce, kuma mutum sama da hamsin za a raba wa. Ku da kuke can, me kuka gani da idonku? Ba asarar kuɗi ba ce?

Mazaunin Kansas City:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da ka zauna a falona ranar 7 ga Fabrairun 2021, da ba ka yi wannan tambayar ba. Na tara mutane, uwargida ta yi mana dambun nama da zoɓo, muna ta cika baki cewa kofi na biyu a jere ya zo. Mun san Eric Fisher ya tsinke jijiyar agara mako biyu kafin nan, Mitchell Schwartz kuma ciwon baya ya daɗe da ajiye shi, wato masu tsaron gefen hagu da na dama duka ba su. Muka ce ai muna da kwatabak ɗinmu Mahomes. Wallahi ranar nan gudun ceton rai ya yi ta yi, ƙwallo na shiga hannunsa 'yan Tampa Bay sun iso. Aka tashi 31 da 9, ko sau ɗaya ba mu tsallaka layin ci ba. Kafin a je zango na huɗu falon ya watse, dambun ma ba a cinye ba.

Shekarar ba ta ƙare ba aka rushe katangar aka sake gini. Aka ba Joe Thuney dala miliyan 80 na shekara biyar, aka karɓo Orlando Brown daga Baltimore, aka zaɓo yara biyu daga jami'a, Creed Humphrey a zagaye na biyu, Trey Smith a na shida. Lura da kyau, ba duka biyar aka saya da tsada ba. Shekara biyu bayan nan muka haɗu da Eagles da suka kayar da kwatabak sau 70 a kakar, amma ko sau ɗaya ba su kai Mahomes ƙasa ba.

Direban haya, Cincinnati:
Alhaji, ban ƙi ta taka ba, amma mu namu labarin daban ne. A 2021 garin nan ya rabu biyu. Duk fasinjan da na ɗauka sai mun yi gardama: a ɗauki Penei Sewell ya tsare kwatabak ɗinmu Joe Burrow, tun da gwiwarsa ta tsinke a shekararsa ta farko, ko a ɗauki Ja'Marr Chase mai cafe ƙwallo? Ni ina ɓangaren Sewell, har na yi fushi da aka ɗauki Chase. Sai ga mu a Super Bowl. To amma fa Burrow ya daku, sau 51 aka kayar da shi a kakar, a wasan Tennessee kaɗai sau 9, kuma muka ci. Ranar ƙarshe Rams suka kayar da shi sau 7, Aaron Donald ya cukume shi a jifan ƙarshe, muka faɗi 23 da 20. Har yau in na ce kuskure aka yi sai in tuna ba don Chase ba da ba mu je ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shekarar da ta biyo. An sayo mutum uku sababbi, katanga ta ɗan tsaya, sai ga shi ranar wasan zuwa Super Bowl uku daga cikin biyar suna jinya. Na benci suka shigo, su Alhaji suka yi waje da mu.

Maman Abba, Houston:
Ni ban san lissafin miliyoyi ba, amma ɗana yana buga gadi na hagu, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, a makarantar sakandare, ni nake wanke kayan. Bara akwai yaro ɗaya a layinsu, ƙato ne na gaske, jami'o'i suna zuwa kallonsa. Duk da haka ana ta dukan kwatabak ɗinsu, saboda abokan karawa ba sa bi ta wajensa, sai su nemi ƙaramin da ke dama su yi ta bi ta kansa. Bana ƙaton ya gama, biyar ɗin da suka rage ba wani fitacce, amma shekara biyu suna tare, har a gidana suke cin shinkafa ranar Alhamis. Ɗana ya ce ko ba a yi magana ba ya san wanda na kusa da shi zai tare. Sun fi bara nesa ba kusa ba.

Ɗan Philadelphia, garin Eagles:
Hajiya ta gama magana. Mu a nan abin da muka gani shi ne a kashe kuɗi a kan mai koyarwa. Jeff Stoutland ya karɓi layin Eagles a 2013. Jason Kelce a zagaye na shida aka ɗauke shi. Jordan Mailata ɗan Ostareliya ne mai buga rugbi, bai taɓa buga wasan nan ba aka ɗauko shi a zagaye na bakwai a 2018, aka yi haƙuri da shi har ya zama mai tsaron hagu. Lane Johnson ne aka ɗauka da wuri, na huɗu a 2013. A bayan wannan katangar Saquon Barkley ya yi gudun yadi 2,005 a 2024. Kuma Alhaji, a yi haƙuri, ka manta ba ka faɗi ta Fabrairun 2025 ba: muka doke ku 40 da 22 a Super Bowl, Mahomes ya sha ƙasa sau 6.

Mazaunin Kansas City:
Ban manta ba, kunya ce ta hana ni. Gefen hagu ya ƙi zama duk kakar, har aka jawo Thuney daga gurbinsa na gadi ya je ya toshe. An toshe rami ɗaya an buɗe wani.

Tsohon ɗan Indiana:
Ina cikin filin Lucas Oil a watan Agustan 2019 lokacin da labari ya bazu a wayoyi cewa kwatabak ɗinmu Andrew Luck zai ajiye wasa. Shekararsa 29. Wasu suka yi masa ihu yana fita, ni kuwa na kasa ko tashi. Mun ga yadda aka yi shekaru ana dukansa, har ƙodarsa ta tsage a 2015. Sai a 2018 aka ɗauki gadi Quenton Nelson na shida, a kakar nan sau 18 kawai aka kayar da Luck. Kaka ɗaya tak ya mori katangar.

Mai kallon dare, Kano:
Na gode ƙwarai. Lahadi mai zuwa zan daina bin ƙwallo da ido, in tsaya a kan biyar ɗin nan in gani. Hajiya, lamba nawa gadi ke sawa, don in gane su?

Maman Abba, Houston:
Duba masu lamba daga 50 zuwa 79 a layin gaba. Biyun da ke maƙale da na tsakiya su ne gadi.