Damisa ce ko taiga? A taya ni raba gardama

Jama'a salamu alaikum, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk sanda na ji an ce damisa ta kashe mutum a Indiya sai na tsaya ina tambayar kaina, wacce damisar? Dabbobi biyu muka cusa cikin suna ɗaya, akwai mai roɗi-roɗin nan da muka sani tun kaka da kakanni, sai kuma babbar mai ratsi-ratsi da Bature ke ce wa taiga, wadda babu ita ko guda a dajin Afirka shi ya sa Bahaushe bai raɗa mata suna ba.

Don Allah kar a ce ai duk ɗaya ne. A ƙidayar Indiya ta 2022 taiga wajen 3,682 ce, damisa kuwa 13,874, kuma yadda ake kare su ma daban. Taiga sai ƙurmi babba, tun 1973 zamanin firayim minista Indira Gandhi ake keɓe mata dazuzzuka har ƙauyuka ake tasa a biya su diyya, kuma titi ɗaya ko layin dogo ya isa ya datse mata hanya. Ita ko damisa duk da kirarinta na ƙi sabo a bayan gidan mutane take zaune. A Mumbai daga gandun dajin Sanjay Gandhi take fitowa da daddare tana kama karnukan unguwa. A Junnar ta jihar Maharashtra cikin gonar rake take haihuwa, masu sara su tarar da 'ya'yan kwance a ganye, ma'aikatan daji su sa su a akwati su ajiye daidai wurin da magariba, uwar ta zo cikin dare ta kwashe abinta, don in aka raba ta da su yawon nema za ta yi ta yi har ta far wa wani. Toh wanda ya karanta wannan da Hausa ya zaci taiga ce, wallahi mun cuce shi.

Wani ya ce min a kira taiga damisar Asiya, amma ai ta Mumbai ma a Asiya take. Zakin Asiya shi ma bai yi ba, akwai zaki na gaske a dajin Gir a Gujarat. Damisa mai ratsi ta fi kwanta min a rai, matsalar dai bakinmu, kwana biyu za a yar da mai ratsin a koma damisa.

Ni dai na tsaya kan taiga, yadda muka karɓi mota da taya, tamata ce kamar damisa, jam'inta taigogi. Malamanmu na Hausa da 'yan jarida, ku gwada ta a kanun labari: Nefal ta ƙara yawan taigoginta daga 121 a 2009 zuwa 355 a 2022. Ta zauna a bakinku ko akwai gyara?