Mol guda gare ni, oda ta yi man yawa

Mai tangaran, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, don Allah shawara nike nema. Ina zuba kaskon turare na tangaran, mol ɗina na filasta, wato mazubin da ke fidda siffar kaskon, guda ne mai ɓari biyu, sai ga wata hajiya ta kawo odar 150 na rabon biki. In na zuba kunun yumɓu da safe minti 20 ya kama, zubi na biyu sai ya kai 40, na ukku kam mol ya ƙoshi da ruwa sai dai gobe, ga damina ba ya bushewa da wuri. Yaya zan samu irinshi kamar goma ba sai na sake sassaƙa samfur ba?

Dattijo, Argungu:
Wa alaikumus salam ɗana. Uwa za ka yi mashi. Kowane ɓari ka kwantar da shi cikinshi na kallon sama, ka kewaye da katako ka toshe kafofi da laka, ka shafe shi da ruwan sabulu sau ukku kana goge kumfa da soso har ka ga ɗigon ruwa na tsayawa bisa bai shiga, sannan ka zuba filasta. Abin da ka cire shi ne uwar, daga gare ta za ka riƙa fidda 'ya'ya ko ashirin kake so, kowane zubi ka sake mata sabulu. Ni sabulun salo nike jiƙawa in tace.
Awo kuma da sikeli, ba da ido ba, filasta kilo 1 ruwa giram 700, kuma filasta aka barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa cikin filasta ba. Bar shi minti 2 ya jiƙa, ka dama da hannu a hankali, ka bubbuga tebur iska ta taso. In ya yi zafi ya fara hucewa sai ka raba. Ka riƙe awo guda ga duka goman, in wani ya fi wani ruwa kaskonka ba za su zo kauri ɗaya ba. Shi na asalin da ya sha sabulu ka aje shi, ya huta da zubi.

Maman yara, Birnin Kebbi:
Baba ya gama magana, ni dai roƙona yayana kada wani ya ce maka ka shafa basilin ko man gyaɗa maimakon sabulu, na taɓa yi wallahi mol shida sunka ƙi shan ruwa, kunu ya kwana ciki yadda na zuba shi, har kuka na yi ranar. Kuma kada gaggawa ta sa ka ɗora sabbin mol ɗin bisa murhu ko bakin tanda don su bushe, zafi in ya wuce digiri 50 filasta gari take zama. Ka haɗa ɓarorin ka ɗaure da roba ka sa fanka, iska ta fi wuta aiki. In da hali ka yi fuskar uwar da robar silikon, akwai tsada amma ba ruwanka da sabulu kuma zane bai gutsurewa.

Mai tangaran, Gusau:
Allah ya saka da alheri Baba, Maman yara na gode ƙwarai, basilin ɗin ma na riga na sayo ashe Allah ya kiyaye ni. POP, wato filastar silin, kaɗai na samu a kasuwa, shina yi?

Dattijo, Argungu:
Shina yi, sai dai ya fi saurin kamawa da cinyewa. Duba buhun kada ya zam ya sha sanyi ya yi gudaji, ka dama kofi guda tukuna ka ga minti nawa yake ɗauka.