Kulocin tarakta da ya maƙale: abin da aka tattaro

Jama'a, an yi tambaya a kan abin da ke sa kulocin tarakta ya maƙale da yadda za a gyara shi. Ga taƙaitaccen abin da aka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda tsatsa ce. Tarakta ta daɗe a ajiye cikin danshi, faifan kuloci ya manne. Alamarsa: ka taka kuloci har ƙasa, giya ta ƙi shiga, sai ƙara.

2. A fara duba sandar da ta haɗa feda da kuloci, wataƙila saiti kawai take so.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce a ɗumama inji a firi (wato ba a cikin giya ba), a kashe, a sa babbar giya, a tayar ana take da kuloci, sannan a danna birki har ya saki. Wasu sun ƙi, domin tarakta kan zabura. Ni ina ganin in za a gwada, to a fita fili bayan gari, ba a lungun unguwa da yara ke wasa ba.

4. Kada a zuba mai a kan faifan, zai riƙa sulɓi.

5. In duk ya faskara, bakanike ya raba inji da giyabos, a canza faifai da boris tare. Akan nemi kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano.

6. In za a ajiye ta, a tokare fedar kuloci ƙasa da katako, don kada faifan ya sake mannewa.