In komai ya koma hannun gomnati, bakin talaka zai buɗe kuwa?

Dan_Birni:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare a fada mun yi gardama har shayi ya huce ba wanda ya kula. Wani ƙanena ɗan iniversite ya dage wai gurguzu ce mafita, duk wata babbar masana'anta ta koma ta ƙasa kamar yadda aka karɓe Somaïr, kamfanin haƙar uraniyom na Nijar, daga hannun Orano na Faransa a 2025, ni kuma na ce to na ji, amma in gomnati ce mai ba da aiki ita kaɗai, ita ke sayen kayanka ita ke saida maka, ranar da ka ce mata ba ta yi daidai ba ina za ka ci tuwo? Ya ce tunanin 'yan jari-hujja ne ya cika mini kai. Don Allah masu sani ku raba mu.

Tsohon_Mushe:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin nan ba sabo ba ne, mun gan shi da idonmu. Zamanin shugaba Diori an kafa kamfanin SONARA a 1962, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, kuma gyaɗar ai daga nan Damagaram da Maradi take fitowa. Manomi ya kai buhunsa a ɗora a sikeli, farashi an riga an yanke shi daga sama, ba ciniki ba albarka, shi ya sa wanda ke kusa da iyaka kamar Magarya ko Matamaye in ya ji kuɗi ya fi a Najeriya sai ya bi dare da jakinsa. Kuma ka lura, a lokacin jam'iyya ɗaya ce, RDA. Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ita ce ma mai ra'ayin gurguzun, an haramta ta tun 1959. Kasuwa a hannu ɗaya, siyasa a hannu ɗaya. Ni wannan haɗin nake tsoro, ba mallakar kanta ba.

Mai_Kabukabu:
Baba da girmanka, amma ni wane 'yanci gare ni in esansi ya fi ƙarfina? Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ganga 20,000 take iya tacewa a rana, kashi 60 na 'yan Sin ne, namu 40 kacal, ga ta nan hanyar Tanut muna ganin sitan-sitan na wucewa. Da duka tamu ce ai da magana ta canza. Mai yunwa ba ruwansa da 'yancin baki wallahi.

Yar_Zango:
Hmm Mai_Kabukabu, mai yunwa ne ma ya fi kowa buƙatar baki, in ba haka ba wa zai ji kukansa? Maigidana ya yi shekaru a wata sosiyete ta gomnati, ba zan faɗi suna ba. A taro ɗaya ya miƙe ya tambayi ina kuɗin gyaran injin ya shiga, sati biyu takardar canjin wurin aiki ta iso, aka cilla shi can wani ƙauye da ko rezo babu, ni da yara huɗu a gidan haya. Ba a kore shi ba fa, ba a ɗaure shi ba, amma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ɗaga hannu a wurin. Sandika ma shiru ta yi don shugabanta abokin darakta ne. Duk da haka ban ce a saida ruwa da wuta wa 'yan kasuwa ba, kowa ya san wahalar ruwan garin nan, yadda muke jiran 'yan garuwa tun asuba, in aka bar wa mai neman riba kaɗai ai mun shiga uku. Malamai ma suna kawo hadisin cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta.

Tsohon_Mushe:
Yawwa 'yata. Norway na da kashi 67 na kamfanin man fetur ɗinta, amma ɗan jarida zai zagi minista da safe ya kwana gidansa, don kotu da jarida da sandika ba a aljihun mai mulki suke ba. Shi kuwa Nyerere na Tanzaniya, mutum mai gaskiya, Ujamaa, wato gurguzunsa na tara manoma su yi noma tare, ya fara ta da lallashi bayan 1967, zuwa 1973 sai ga shi ana kwasar manoma da ƙarfi ana tara su ƙauyukan da ba su zaɓa ba. Ni a ganina uraniyom da fetur da ruwa ƙasa ta riƙe, da sharaɗin a buga lissafi kowa ya gani. Amma majemi da maɗinki da mai tebur a Kasuwar Dole a ƙyale su, wanda ke da sana'ar hannunsa ba a toshe masa baki da takarda ɗaya.

Dan_Birni:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na tura wa yaron, ya ce wai Norway ba gurguzu ba ce don haka misalin bai zauna ba, yau da dare zai zo da nasa hujjojin. Mai_Kabukabu in kana kusa da Birni ka biyo bayan isha'i, amma sukari naka ne wannan karon.