Korona da aikin sa ido kan antibayotik

Ɗalibar harhaɗa magunguna: Salamu alaikum. Yayyena da kuka yi aikin asibiti a 2020, me korona ta sauya muku?

Famasis (masanin harhaɗa magunguna): Wa alaikumus salam, ƙanwata. Da, kullum da safe nakan zaga gadaje da likita, mu ga wanda za a tsayar wa allurar antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Korona na zuwa, ɗakin killacewa ya gagare mu shiga, sai dai waya. Mai tari da zazzaɓi kuwa, nan take sai antibayotik irin su azithromycin da ceftriaxone, alhali korona bairos ne, wata ƙwayar cuta daban da ba sa taɓawa. Abin ya ci min rai.

Nas: Tsoro ne, Malam. Sakamakon gwaji sai ya kwana biyu, mutum na haki a gabanka.

Famasis: Haka ne, Sista. Shi ya sa nake sake kira bayan awa 48, in babu alamar bakteriya, a dakatar da antibayotik ɗin.