Jimmy Carter: mece ce alaƙar shekarunsa na sojan ruwa da aikin sa kai da ya ƙare rayuwarsa a kai?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tun bayan rasuwar Jimmy Carter a ranar 29 ga Disamban 2024, yana da shekara 100 a duniya, na lura cewa yawancin abin da ake faɗa a kansa bai wuce shekaru huɗun da ya yi yana shugabancin Amurka ba, daga 1977 zuwa 1981. Alhali kuwa mutumin ya yi shekara bakwai yana hafsan sojan ruwa kafin ya san siyasa, sannan bayan saukarsa daga mulki ya shafe fiye da shekara talatin yana taya marasa galihu gina gidaje da hannunsa. Ina so masana su haska mini: shin tarbiyyar soja ce ta haifar da wannan aikin sa kai, ko kuwa hanya ce da shugaban da ya faɗi zaɓe ya bi domin ya gyara sunansa?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, 'yata. A ganina ba za a fahimci tsufan Carter ba sai an koma ga ƙuruciyarsa a cikin kaki. Ya kammala makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis a 1946, shekarar da ya auri Rosalynn, daga baya kuma ya zaɓi aiki a jiragen yaƙi masu nutso a ƙarƙashin teku, inda wuri yake da ƙunci, kuma sakacin mutum ɗaya kan iya halaka duk wanda ke ciki. Daga nan ne aka ɗauke shi cikin shirin jiragen da ke aiki da makamashin nukiliya, ƙarƙashin Hyman Rickover, hafsan da ya yi suna wajen tsanani. Carter da bakinsa ya sha ba da labarin ganawarsu ta farko: Rickover ya tambaye shi ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa a makaranta, ya amsa cewa ba kullum ba, sai Rickover ya tambaye shi dalili. Wannan tambaya ba ta bar zuciyarsa ba har ya tsufa.

Akwai kuma abin da ya faru a Chalk River da ke Kanada, bayan na'urar nukiliyar wurin ta samu hatsari a Disamban 1952. Carter, yana da shekara 28, yana cikin waɗanda aka tura kwance sassan da suka lalace. Saboda ƙarfin tururin guba, daƙiƙa 90 kawai aka yarda mutum ya yi a ciki, don haka sai da aka haɗa kwatankwacin na'urar a wani fili, kowa ya maimaita aikinsa har hannunsa ya saba, sannan ya ruga ciki ya kwance ƙusoshin da aka ba shi ya fito, wani ya karɓa. Wanda ya koyi cewa babban aiki yana tafiya ne idan kowa ya riƙe ɗan ƙaramin rabonsa da gaskiya, ba zai ga ƙasƙanci ba a riƙe guduma tare da leburori. Ya ajiye aikin soja a 1953, bayan rasuwar mahaifinsa, ya koma garinsu Plains a jihar Jojiya ya rungumi harkar gyaɗa ta gidansu, amma horon bai bar jikinsa ba.

Mai Bin Diddigi:

Baba Malam, bayaninka ya gamsar da ni ta wani fanni, sai dai ina ganin bai kamata mu kawar da kai daga rabin tambayar ba. Carter ya bar fadar White House ne cikin rauni: farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi, an yi garkuwa da Amurkawa a Tehran har kwana 444, kuma Ronald Reagan ya kayar da shi da rata mai yawa a zaɓen 1980. Mutum a wannan hali yana da dalilin neman abin da za a tuna shi da shi. Haka kuma tsohon shugaban ƙasa yana zuwa wurin gini ne da masu tsaro da 'yan jarida, alhali akwai dubban tsofaffin sojojin ruwa da suka ƙare rayuwarsu suna hidima a unguwanninsu, ba wanda ya ɗauki hotonsu. Ina girmama shi, amma ina tsoron kada hasken sunansa ya rufe nasu.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Ɗan'uwa, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ya dace a riƙa tunawa da waɗannan bayin Allah. Inda na saɓa da kai shi ne batun gyaran suna, domin mai neman suna ba ya zaɓar kurkunu. Cuta ce ta ƙauyukan da babu rijiya mai tsabta: mutum ya sha ruwan kududdufi, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda ƙafarsa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, ga raɗaɗi kamar wuta, ga gona ta tsaya. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Lokacin da Cibiyar Carter, wadda ya kafa bayan saukarsa daga mulki, ta shiga yaƙi da ita a 1986, an ƙiyasta masu fama da ita sun kai miliyan 3.5 a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duk duniya. An kai ga haka ne ta hanyar tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da 'yan sa kai na ƙauye da ke rubuta kowane sabon ciwo su kai rahoto. A Najeriya, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka domin wannan aiki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da cutar. Irin wannan ƙidaya ta kullum, wadda ba ta yarda da "kusan an gama", ita ce na fi gani a matsayin gadon aikin jirgin ruwa.

Haka batun gidajen. Shi da Rosalynn sun fara aiki da ƙungiyar Habitat for Humanity a 1984, kuma sun sa hannu a gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14. Ba kyauta ake raba gidajen ba, domin mai gidan yana zuba guminsa a ginin, sannan ya biya bashi mai sauƙi. A Oktoban 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a saman ido, amma bai fasa zuwa Nashville ba, inda aka gan shi da bandeji da kumburarren ido yana aikin katako.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da ku duka. Batun Chalk River ne zan fara bibiya, domin shi ya fi ba ni haske a kan halin mutumin. Zan kuma so wanda ya san labarin jirgin yaƙi mai nutso da aka raɗa wa sunansa, wanda ya fara aiki a 2005, ya ƙara mana bayani a kan irin aikin da aka ƙera shi domin yi.